Baƙuwar Waya a Layin Asibiti

A shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar 'yan bindiga, ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitoci. Ni ne mai kula da na'urorinta. Ofishina a Batsari yake, wani ɗan ɗaki ne a bayan ma'ajiyar magani, da teburi ɗaya da fanka mai ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Asibitoci uku nake dubawa daga nan: na cikin gari, da ɗaya a Safana, da wani a ƙauyen da ke gaba da Safana ta wajen daji. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen da zan yi magana a kansu suna nan da ransu.

Kowane asibiti an kafa masa faranti mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, da sola, da firjin ajiye allurar rigakafi. Saboda haka ko da aka rufe sabis, namu layin bai mutu ba. An gargaɗe mu ƙwarai a kan wannan. Layin na aikin asibiti ne kaɗai, kuma lambar sirrin shiga ba ta wuce hannun mutum huɗu a kowane wuri. A lokacin, duk wanda aka ga yana waya a inda babu sabis, kallon ɗan leƙen asirin daji ake yi masa.

Aikina yawanci karatu ne. Kowace na'ura tana rubuta abin da ya same ta, layi bayan layi: na kunnu, na mutu, wata waya ta shigo, ta fita, batir ya ja baya, sanyin firji ya kai kaza. Mu a bakin aiki log muke ce wa wannan rubutu. Na haɗa su duka suna zubowa cikin kwamfuta ɗaya a ɗakina, ta yadda in wani abu ya lalace a Safana ba sai na hau mota ba, sai in jera rahoton wannan na'ura kusa da na waccan in ga wace ce ta fara kuka.

Wajen ƙarshen damina sai asibitin ƙauyen ya fara ba ni wahala. Kullum da yamma bayanan marasa lafiya ba sa isowa, firjin ma sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya daina aiko rahoto. Shirun firji ba ƙaramin abu ba ne. In ba a san sanyin da allura ta zauna a ciki ba, doka ta ce a zubar, kuma kai wata allurar can a wannan lokaci sai an nemi rakiyar jami'an tsaro.

Da farko batir na zarga. Na duba rahoton sola, na tarar yana cike har magariba. Na koma kan hadari, don girgije mai nauyi yana tare faranti, amma ranakun da sama take tas ma abin yana faruwa. Sai na buɗe rahoton na'urar da ke raba intanet a cikin asibitin. Nan na gan ta. Wata waya ce da ban sani ba, ba ta cikin jerin wayoyin ma'aikata. Kullum takan shigo, ta zuƙe layin kamar mai kallon bidiyo, ta fita. Tana ciki komai na asibiti yake tsayawa.

Ina cikin duba wannan ne shugaban asibitin ƙauyen ya shigo. Ya zo karɓar magani ne, ya leƙo mu gaisa. Mutum ne mai jiki, mai son magana da ƙarfi, ya girme ni nesa. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da hanya, sai ya tsaya a bayana yana kallon allon.

"Injiniya, mene ne wannan jan layin?"

Na ce masa wata waya ce ke shiga layinsu, amma ban gama bincike ba.

Ya sunkuyo ya karanta. "Ƙarfe uku. Jiya ma uku. Shekaranjiya ma uku." Ya miƙe yana gyara hula. "Ka san wa ke asibiti ƙarfe uku? Ni ina gida cin abinci, mai ba da magani yana gida. Ita kaɗai ce."

Ungozomar asibitin yake nufi. Bafulatana ce, haifaffiyar Safana, iyayenta sun daɗe da zama cikin gari. Tun kafin wannan rana akwai masu cewa wai wani ɗan kawunta ya shiga daji. Ban taɓa jin wanda ya gan shi da idonsa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan rubutun bai ce ita ce ba. Ya ce waya ce kawai. A ba ni lokaci."

Ya ce ai shi ma bai ce komai ba. Amma kafin ya fita ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Na so in hana shi, sai dai shi ne shugaban wurin, layin kuma na asibitinsa ne.

Magana zarar bunu ce. Mako bai zagayo ba direban da ke kai mana kaya ya dawo da labari. Ya ce ƙauyen ya ɗauka cewa kwamfutar Batsari ta kama mai ba 'yan daji rahoto. Mata sun daina zuwa awo. Shugaban 'yan sa-kai ya aiko a gaya mani yana son in rubuta masa sunan mai wayar. Direban da kansa, da yake ba ni labarin, sai ya riƙa satar kallon kwamfutar, ya kuma tura wayarsa can cikin aljihu.

Ni ma ba zan ce zuciyata ta tsaya wuri ɗaya ba. Na san matar, ta taɓa karɓar haihuwar ƙanwar matata, kuma ban taɓa ganin wani abin zargi a tare da ita ba. Amma a wancan lokaci kowa yana da labarin wani mutumin kirki da aka wayi gari aka ce da shi ake haɗa baki. Na tsinci kaina ina tuna yadda take yawan shiru, da yadda ba ta shiga hira in ana zancen daji. Abubuwan da a da na ɗauka kamun kai ne, yanzu suka fara yi mani wata kama.

Na koma kan allon. Abin da na iya ke nan. Na ce bari in jera rahoton duk na'urorin asibitin a kan rana ɗaya, in ga ko labarinsu ya zo daidai. Na zaɓi wata Juma'a da aka yi iska mai ƙarfi har wutar asibitin ta ɗauke ta dawo. Rahoton sola ya ce wutar ta ɗauke bayan ƙarfe biyar. Firji ma haka ya ce. Na'urar raba intanet kuwa ta ce ta mutu bayan ƙarfe huɗu. Wuta ɗaya suke sha, ba yadda za a yi ɗaya ta riga sauran mutuwa da awa guda.

Na gwada wata ranar, haka. Sai na tuna an canza na'urar a farkon damina bayan tsawa ta ƙone ta farko, kamfanin da ya kafa farantin ne ya aiko da sabuwa. Na shiga cikinta na duba agogonta. A kan agogon GMT take, wanda duk mai sauraron rediyo ya san yana bayan namu da awa ɗaya. Ƙarfe ukun da shugaban ya karanta, ƙarfe huɗu ne. A wannan lokacin ungozoma ta riga ta miƙa aiki ta tafi gida, asibiti yana hannun shugaban da mai ba da magani da mai gadi.

Akwai kuma wani abu. Asibitin yana da bakin kamun intanet biyu, ɗaya a cikin ɗakin haihuwa, ɗaya a baranda ta waje. Baƙuwar wayar ba ta taɓa shiga ta na ciki ba. Kullum ta baranda take kamawa, kuma da rauni, alamar mai ita yana ɗan nesa da ginin.

Zan iya toshe wayar daga inda nake zaune, aikin asibiti ya daidaita. Amma in na yi haka zargin zai zauna a kan matar har abada, a ce ta ji an gano ta ne ta daina. Washegari na bi a-kori-kurar da ke kai magani. Daga Safana zuwa ƙauyen kowa a motar a tsorace yake. Gero ya yi tsayi har ya rufe gefen hanya, kowa idonsa a kansa.

Na tarar da ungozomar ita kaɗai a ɗakin awo, benci babu kowa. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta ce in zauna ba.

Ta ce, "Malam, an ce kai ne ka gano ni."

Na ce ban gano kowa ba, kuma abin da na zo da shi ma yana wanke ta ne. Na buɗe kwamfutar hannu na nuna mata maganar agogon. Ta saurara har na gama, hannunta a kan teburi.

"To wa za ka gaya wa? Waɗanda suka daina gaishe ni agogo za su duba?"

Ta ce jiya an jefi ƙofar gidan da take haya, mai gidan kuma ya fara cewa ɗansa zai yi aure yana buƙatar ɗakin. Sannan ta dube ni ta ce, "Kai ma da ka shigo, wayata ka fara kallo." Gaskiya ta faɗa, tana kan teburi kuma na kalle ta.

Bayan la'asar na ɗauki kujera na zauna a baranda da kwamfutar a cinya, kamar mai wani aiki daban. A gaban asibitin akwai wata babbar darbejiya da benci a ƙarƙashinta, inda masu jinya da masu wucewa ke hutawa. Mutum biyar ko shida ne a wurin. Shugaban yana ofis, ƙofarsa a buɗe, ina jin yana faɗa da mai ba da magani a kan makulli. Na buɗe rahoton na'urar yana zubowa a gabana kai tsaye.

Can sai layin ya fito. Wayar ta shigo.

Na ɗaga kai a hankali. Ba wanda ke riƙe da waya a bencin. Na duba wajen mai gadi, yana gyara buta. Sai na hango wani dattijo zaune a ƙasa a bayan bishiyar, ya ba asibiti baya, ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska kamar mai kare rana. Don in tabbatar, na danna na cire wayar daga layin. Dattijon ya sauke hannu, ya duba wani abu a tafinsa, ya girgiza shi, ya ɗaga sama. Na mayar da ita. Ya sake rufe fuska.

Na yi tunanin in kira shugaban, na yi tunanin in koma Batsari in rubuta wa manyana. Mutumin da ke magana da daji ba ya zama shi kaɗai, kuma ban san wa ke kallona a cikin masu zaman bencin ba. Daga baya na rufe kwamfutar, na taka na je na tsuguna kusa da shi na yi sallama.

Ya firgita, ya tura wayar ƙarƙashin cinya. Farin gemu gare shi, tafin ƙafarsa duk faso. Na gaishe shi yadda ake gaida uba, ya amsa yana kallon bayana.

Na ce, "Baba, ni ne mai kula da layin nan. Ba da faɗa na zo ba. Da wa kake magana?"

Ya ƙare mani kallo. Sannan ya ce, "Kai ne na Batsari."

Na ce ni ne.

Ya zaro wayar ya miƙo mani. Sunan da ke saman kiran, ƙanina aka rubuta. A ƙasa akwai bidiyo da yawa. Ya taɓa ɗaya da yatsa. Wata tsohuwa ce zaune a gindin dutse, zaninta ya yi baƙi, tana faɗin sunanta da ranar da ake ciki. Ban kai ƙarshe ba na mayar masa.

Matarsa ce. An ɗauke ta a gona tun ana noman farko, kowa a ƙauyen ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne ƙaninsa da ke zaune a Katsina yana magana da waɗanda suka ɗauke ta, su ta layin ƙetare suke kira. Ƙanin ne ke turo masa abin da suka ce da hoton da suka aiko, shi kuma ya faɗi abin da ya samu ya sayar don haɗa kuɗin fansa. Wayar ma ta maƙwabcinsa ce da ya gudu birni ya bar masa.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa? Ka san abin da ake cewa a kan ungozoma?"

Ya ce ya sani. Ya ce tun da ya ji bai ƙara cin abinci da daɗi ba. "Amma ɗana, an hana a ba su komai. Wanda aka ji yana magana da su, ka san abin da ake yi masa. In an kama ni, wa zai fito da ita?"

Na tambaye shi wa ya sa masa lambar sirri, don na ga ko sunan ƙaninsa da ƙyar yake ganewa. Ya kawar da kai. Ya ce wanda ya taimake shi ya sa shi ya rantse, kuma ba zai ci amana ba ko za a yanka shi. Na ce ungozoma ce? Ya ce wallahi ba ita ba ce, iyakar abin da zai faɗa ke nan.

Ban je wurin 'yan sa-kai ba. Wurin mai gari na je, tare da dattijon, bayan na sha wahalar lallashinsa. Mai gari ya aika aka kira liman da shugaban 'yan sa-kai da shugaban asibiti. A zauren na yi bayanin agogo da maganar baranda, na maimaita har sau biyu. Shugaban 'yan sa-kai, wani saurayi mai tabo a wuya wanda aka kashe masa yayye biyu, bai yarda da ni ba. Ya ce na'urar da ta yi ƙaryar lokaci za ta iya yin ƙaryar komai. Ya ce wa ya san ko matar ce ta turo tsohon ya rufa mata asiri. Sai da dattijon ya kunna bidiyon aka miƙa wayar hannu zuwa hannu, sannan gardamar ta mutu. Liman ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba, kuma ranar Juma'a zai faɗa a masallaci. Ya kuwa faɗa.

Shugaban asibitin bai ce uffan ba a zaman nan, shi da ba a raba shi da magana.

Da na koma Batsari na gyara agogon na'urar, na bi sauran asibitocin biyu na tabbatar duk agogonsu ɗaya ne. Na canza lambar sirri. Na sa ƙararrawa da za ta sanar da ni duk lokacin da baƙuwar waya ta shigo ko firji ya yi shiru. Na rubuta wa manyana abin da ya faru ba tare da sunan kowa ba, na roƙi a ware ɗan siririn layi wanda ba zai taɓa aikin asibiti ba, a bar shi a hannun mai gari don irin wannan larura. Sun yi ta jan maganar, suna tsoron abin da hukuma za ta ce. Kafin su yanke shawara aka buɗe layukan waya.

Matar dattijon ta dawo bayan an gama girbin dawa. An ce sai da ya rabu da gonarsa ta fadama da shanun noma. Na gan ta sau ɗaya a asibitin, ana duba mata ƙafa.

Ungozomar ba ta zauna ba. Mata sun dawo awo, wasu har da kawo mata gyaɗa da ƙwai, amma ta nemi canjin wurin aiki aka mayar da ita cikin Safana. Na je duba na'urorinsu bayan wasu watanni muka haɗu a baranda. Ta gaishe ni da mutunci, ta tambayi ƙanwar matata da yaron. Da na fara zancen ƙauyen sai ta ce ana jiranta a ciki.

Saura maganar lambar sirri. Na koma baya cikin rahoton har na samo ranar da wayar ta fara shiga. A ranar ungozoma tana Safana wajen wani taron horo, ashe dattijon bai yi rantsuwar banza ba. Mai gadi bai iya boko ba. Ya rage mutum biyu, shugaban da mai ba da magani. Mai ba da magani baƙo ne a ƙauyen, ba ya shiga harkar kowa. Shugaban kuwa, daga baya na ji cewa mahaifiyarsa da matar dattijon 'yan gari ɗaya ne.

Na juya abin a raina ta kowace fuska. In shi ne, to ya yi alheri a ɓoye, sannan da ya ga allon ya tsorata ya jefa wata a wuta don ya tsira. In ba shi ba ne, to ina yi masa irin abin da aka yi mata. Wata rana da ya zo karɓar magani na tambaye shi kai tsaye, muna mu biyu. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata.

"Injiniya, abin da ya wuce ai ya wuce. Allah ya kiyaye gaba."

Na bar aikin ƙungiyar daga baya, yanzu ina kula da na'urorin wata makaranta. Bara mun haɗu da shi a wani ɗaurin aure a garin Zakka, aka zaunar da mu a tabarma ɗaya, aka ajiye mana tire ɗaya na shinkafa. Ya yi furfura, ya ɗan rame. Mun yi hirar tsadar taki da yadda gyaɗa ta yi kyau a wajen Yasore. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya raka ni har bakin mota, ya ce in gaida mutanen gida.